Yadda Ake Haɗa Ɓarin Kesin Biyu Da Ba Tare Aka Ƙera Su Ba A Injin Tsohon Babur

Kesin ɗin injin babur, wato akwatin da karanshaf ke juyawa a ciki, ɓari biyu ne, amma a tsofaffin masana'antu ba a gama aikin kowane ɓari shi kaɗai. Bayan an zuba alminiyam an share fuskokin da za su haɗu, sai a ɗaure ɓarin biyu da kusoshi, a ratsa ramukan boris ɗin karanshaf a zama ɗaya, a kuma goge saman da silinda ke zama a kai suna haɗe. Kamar ƙwarya ce da aka fafe, kowane ɓari da ɗan'uwansa. In ɗaya ya fashe ka samo wani daga injin da ya mutu, kusoshi za su shiga, a ido komai lafiya lau, amma ramukan boris na iya saɓawa da kaurin gashi ɗaya ko biyu. Wannan ɗan saɓanin ya isa ya cinye boris, ya sa inji ya riƙa karkarwa, baƙin mai kuma ya riƙa tsatsafowa ta gindin silinda.

Aikin yana yiwuwa. Sharaɗinsa a bi tsari: layin karanshaf tukuna, sai dawul, wato 'yan ƙarafan da ke saita ɓarin biyu, sai saman da silinda ke zama, sai wasan karanshaf hagu da dama. Wanda ya fara da goge saman silinda don shi ne abin da ido ke gani, zai sake goge shi bayan ya gyara layin boris.

Wane irin kesin ne a gabanka

Akwai mai rabuwa a tsaye, hagu da dama, akwai mai rabuwa a kwance, sama da ƙasa. Tsofaffin baburan Ingila irin Triumph, BSA da Norton, da Harley-Davidson na Amurka, da yawancin ƙananan injuna masu silinda ɗaya na Japan, a tsaye suke rabuwa. A cikinsu kowane boris yana zaune cikin cikakken raminsa a ɓari guda, abin nema kawai ramin hagu ya kalli na dama.

Mai rabuwa a kwance, kamar Honda CB750 da ta fito a 1969 ko Yamaha XS650, wani labari ne. Rabin kowane rami yana sama, rabi yana ƙasa. Ka haɗa na wannan inji da na wancan, ramin ba zai zama da'ira ba, kuma ba rami ɗaya ba ne, duk na karanshaf da na sandunan giya da ke kan layin rabuwar abin ya shafa. Gyaransa sai an rage fuskar an sake ratsa ramukan duka. Shi ya sa irin wannan kesin tare ake sayar da shi, kuma shawarar da ta fi ita ce ka nemi cikakken kesin ka huta. Bayanin da ke tafe na mai rabuwa a tsaye ne.

Duba ƙasan kesin ɗin. Harley-Davidson ta riƙa buga lamba a jikin kowane ɓari ta ƙasa, in lambobin biyu sun zo ɗaya, tare aka ratsa su. Masana'antun Ingila ma sukan buga irin wannan alamar a kusa da wurin ɗaure inji na ƙasa. Wannan daban take da lambar inji ta takardu. Ita lambar takardu a ɓari ɗaya take, kuma a manyan Harley kafin 1970 ita ce shaidar babur ɗin gaba ɗaya, domin firam ba ya ɗauke da irinta. Kada ka kankare ta, kada ka sake buga ta. In ɓarin da ka canja shi ne mai lambar, a gyara takardu ta hanyar da doka ta tanada.

Ƙananan injunan Honda irin C70 da CG125 sun fi sauƙi, tunda kamfanin da kansa yana sayar da ɓarin hagu da na dama daban-daban. Duk da haka a auna, don shekaru da zafi da guduma sun taɓa su.

Sai batun shekara. Inji ɗaya ne a suna, amma masana'anta kan canja girman boris, hanyar mai ko wurin numfashin kesin a tsakiyar tafiya. Manyan Harley sun koma boris mai siffar mazurari na Timken a gefen hagu a 1955, sun kuma sauya tsarin caji da fasalin kesin a 1970. Ɓarin da ya fito kafin irin wannan canji da wanda ya fito bayansa ba kullum suke jituwa ba. Kwatanta lambar zubi da ke jikin kowane ɓari da littafin kayan gyara kafin ka ɓata lokaci.

Kayan aiki

Kana buƙatar faranti mai shafaffen sama na awo, ko gilashi mai kaurin milimita 10 zuwa sama, da fila geji na auna siririyar tazara mai ganye tun daga milimita 0.03 (duk awon da ke tafe da milimita ne in ba a faɗi wani ma'auni ba), da maikiromita, da ma'aunin cikin rami, da agogon awo mai maganaɗisu, da ma'aunin zurfi, da madaidaiciyar rula ta ƙarfe, da shuɗin gwaji, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Sai sandar gwaji, wadda za a zo kanta. Ratsa rami da goge sama aikin mai injin sassaƙa ƙarfe ne, amma awon naka ne, don kai za ka gaya masa abin da zai cire.

Mataki na farko: wanki da bincike

Cire komai: boris, oyil sil, bushin da suka mutu, dawul, da dogayen kusoshin silinda. Boris ba da guduma ake fitar da shi ba. Ɗumama kesin ɗin zuwa digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, ka kifa shi a kan katako, yawanci da kansa zai faɗo. Alminiyam ya ninka ƙarfe wajen buɗewa in ya ji zafi, ramin milimita 62 yakan ƙaru da kusan 0.14 in zafinsa ya hau da digiri 100. A cikin tanda ake yi don zafin ya game ko'ina. Wutar walda a wuri ɗaya murɗe kesin take yi.

Wanke da kananzir, ka kankare tsohon gasket da abin roba ko na katako, ka busa iska ta kowace hanyar mai. Nemi tsagewa a kewayen ramin boris, da wurin ɗaure inji, da gaban sufaket inda cen kan doka in ya tsinke. Ruwan gano tsaga mai jan launi yana nuna abin da ido bai gani ba. Ɓarin da aka taɓa yi wa walda ka ɗauka a murɗe yake har sai awo ya wanke shi. Duk tiredin da ya ci a gyara shi yanzu, domin awon da za ka yi nan gaba sai kusoshi sun ɗauru da cikakken ƙarfinsu yake da ma'ana.

Auna ramin kowane boris ta fuska biyu, a tsaye da a gicciye. Ya kamata ya gaza faɗin boris ta waje da 0.02 zuwa 0.04. In cikin ramin ya yi sheƙi ko baƙi-baƙi, boris ya taɓa juyawa a ciki, ramin ya buɗe.

Mataki na biyu: fuskokin da za su haɗu

Kifa kowane ɓari a kan gilashin, ka zaga da fila geji. In ganyen 0.05 ya shige a wani wuri, akwai gyara. Yawanci za ka tarar bakin ramukan kusoshi ya ɗan taso, ko wani ya taɓa cusa sukundireba don raba kesin ya bar tabo mai tudu. Waɗannan tudun kaɗai za ka kwantar da lallausan dutsen wasa. In murɗewar ta fi haka, manna sanfefa mai lamba 400 a kan gilashi, ka jiƙa da kananzir, ka riƙa zagaya ɓarin kamar kana rubuta 8, kana juya shi a hannunka lokaci-lokaci don kada gefe guda ya fi ci. Shafa shuɗi ka haɗa ɓarin biyu ka raba, launin ya kamata ya bi layin gaba ɗaya ba yankewa.

Rubuta duk abin da ka cire. Kowane 0.05 da ya tafi daga fuska, cikin kesin ya matse da wannan adadin, kuma a wasan karanshaf da na giya zai fito.

Mataki na uku: layin karanshaf

Nan ne ainihin aikin. A sassaƙa maka faifan ƙarfe biyu da za su shiga ramukan boris da ɗan turi na hannu, kowanne da rami a tsakiya, da miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe gogaggiya wadda ta gaza ramin da kamar 0.01. Wasu sababbin boris suke sa wa a maimakon faifan. Yana yi, sai dai boris mai ƙwallaye yana da ɗan sassauci a cikinsa, yakan karkata ya bi sandar ya ɓoye maka kuskuren da kake nema. Faifai ba ya rufa wa kesin asiri.

Mayar da dawul na asali, wato 'yan gajerun bututun ƙarfen da ke saita ɓarin biyu, ka haɗa kesin da gasket ɗinsa in mai gasket ne, ka ɗaure yadda littafi ya ce. Shafa wa sandar ɗan mai ka zura. In ta ratsa faifan biyu da turin yatsa tana juyawa sumul, ka yi sa'a, wuce mataki na biyar. In ta shiga na farko ta tokare a bakin na biyu, ko ta shiga amma ta ƙi juyawa, akwai saɓani.

Don sanin girmansa, a kwantar da kesin ta gefensa a kan injin sassaƙa, a saita agogon awo da ramin ƙasa har allura ta daina motsi, sannan a zagaya da shi cikin ramin sama. Abin da agogo ya nuna ninki biyu ne na ainihin saɓanin: in allura ta yi tafiyar 0.06, ramukan sun kauce da 0.03. Ƙasa da 0.02 boris mai ƙwallaye zai jure. Boris mai sanduna da bushin ba su da wannan haƙurin.

Yanzu cire dawul ɗin, ka sake haɗawa kusoshi a sake, ka zura sandar ka bar ɓarin biyu su nemi wurinsu. In kusoshi na tokare su, buɗe ramukan da ba su da tiredi da rabin milimita. Sai dai sanda ɗaya tsakiya kawai ta kama, ɓarin na iya juyawa a kewayenta. Abin da zai tsayar da juyin shi ne sanda ta biyu a wani ramin da ya ratsa ɓarin biyu. A injin da giya ke cikin kesin, ramin babbar sandar giya ne. A Triumph mai silinda biyu, ramukan kamshaf ne, waɗanda ke tafiya daga wannan ɓari zuwa wancan. Idan sandunan biyu suna juyawa a sake, riƙa ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan a gicciye kana gwada su bayan kowane zagaye.

Wani lokaci ba yadda za ka juya ɓarin da sandunan biyu za su yarda tare, saboda tazarar da ke tsakanin karanshaf da giya ta bambanta a ɓarin biyu. To a nan karanshaf ake ba gaskiya. Ramin da ya kauce a buɗe shi, a dasa masa zobe, a sake ratsa shi a kan layi kesin yana ɗaure. In bushin ne abin ya fi sauƙi, a sa sabo mai ƙaramin ciki a bi shi da doguwar rima, abin share cikin rami zuwa daidai awo, wadda ɗaya ɓarin ke yi wa jagora. BSA A65 misali ne mai kyau na dalilin wannan wahala: ta bushin ɗin gefen dama mai ke shiga karanshaf ya kai ga kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Bushin ɗin ya zauna a karkace, zai ci ta gefe guda, ƙarfin mai ya zube ta nan, kwanrod ya rasa.

Manyan Harley nasu salon daban ne. Zoben ƙarfen da sandunan boris na dama ke gudu a ciki ana wasa shi da abin wasawa na musamman wanda ke samun jagora daga ɓarin hagu, kesin a ɗaure. Bayan nan a zaɓi sandunan boris da suka dace, suna zuwa a girma hawa-hawa na inci 0.0002, wato kusan milimita 0.005. Murfin kamshaf ma yana da bushin da dole su bi wannan layin, don haka shi ma a ɗaure shi a gwada.

Mataki na huɗu: sababbin dawul

Matsayin da ka samu da sanduna zai ɓace da zarar ka kwance kusoshi, sai an kafe shi. In ramukan dawul sun ratsa har waje, a bi su da rima zuwa girma na gaba kesin yana ɗaure, misali daga milimita 10 zuwa 10.5, a sassaƙa dawul daidai su. In a rufe suke daga ciki, a zaɓi wurare biyu masu nama, nesa da juna iyakar iyawa, a huda 5.8 a bi da rima ta 6, a dasa sababbi. A tabbata hudar ba ta faɗa hanyar mai ba. Tsohon dawul ɗin da mai ke bi ta cikinsa ba a jefar da shi, a rage bayansa ta ɓari ɗaya don ya daina saitawa amma ya ci gaba da riƙe robarsa.

Kwance, sake haɗawa, sake zura sandunan. In har yanzu suna juyawa, dawul sun zauna.

Mataki na biyar: inda silinda ke zama

Ɗora rula a gicciye kan layin haɗin, ka gwada da fila geji. Farce ma yana jin tudun 0.03. Abin da ya kai 0.05 gasket ɗin takarda ba zai rufe shi da daɗewa ba, kuma silinda zai zauna a karkace, fistin ya riƙa cin gefe guda. A goge saman ɓarin biyu tare, a kuma saita aikin da sandar gwaji don saman ya yi daidai da layin karanshaf. Mai injin da ya saita da ƙasan kesin ya ɓata maka aiki.

Abin da aka cire yana sauko da silinda. Ɗauki inji mai faɗin fistin 56.5 da cc 124, a ce matsinsa 9 ga 1. In an cire 0.3, ɗakin ƙuna ya ragu da kusan cc 0.75, matsi ya hau wajen 9.4. Ba nan ya tsaya ba. A inji mai kamshaf a sama, taimin cen zai saki, lokacin bawul ya ɗan goce. A mai sandunan tura bawul, sandunan sun zama kamar sun yi tsawo. A mai bugu biyu, lokacin buɗewar kafofin silinda ya canja. Maganin duka ɗaya ne, gasket ɗin gindi mai kauri ko siririn farantin alminiyam da zai mayar da abin da aka cire. Tabbatar da shi da wayar dalma mai laushi: zura ta ramin fulogi har gefen silinda a saitin fin ɗin fistin, juya inji ya matse ta, ka auna ka kwatanta da littafi.

Gwada silinda a bakin kesin. Ya kamata siket ɗinsa ya shige ba tokarewa, kusoshin kuma su ratsa ba tare da an tanƙwara su ba. In bakin ya yi tudu a layin haɗi, a share shi a wannan zaman.

Mataki na shida: wasan hagu da dama

Dasa sababbin boris da zafi, ka bari kesin ya huce. Auna daga fuskar kowane ɓari zuwa zoben ciki na boris ɗinsa, haɗa biyun, ƙara kaurin gasket bayan ya matsu, sannan ka debe faɗin karanshaf daga kafaɗa zuwa kafaɗa. A ce hagu 28.40, dama 27.95, gasket 0.40, jimla 56.75. Karanshaf 56.50. Wasa ya zama 0.25. In littafi na son kusan 0.10, sai siririn washa mai kaurin 0.15.

Gefen da za a sa washan ba zaɓin son rai ba ne. Kwanrod ake so ya tsaya a tsakiyar bakin silinda, don haka auna daga kansa zuwa kowane gefe ka ga inda ya karkata. In lissafi ya fito babu wasa sam, kada ka ce kusoshi za su jawo. Za su jawo ɗin, amma boris za su zauna a matse ta gefe su ƙone cikin ɗan lokaci. Gasket mai kauri ko a ɗan zurfafa mazaunin boris.

Injin da aka ƙera da gasket a tsakiya a sa masa, wanda aka ƙera babu kada a ƙara masa, domin kaurin yana cikin lissafin masana'anta. Sandunan giya da gangar canja giya su ma a yi musu wannan awon. Wasa ya yi yawa, giya ta riƙa fita da kanta. Ya yi kaɗan, ta ƙi shiga in inji ya yi zafi.

Shi kansa karanshaf a ɗora shi a gwada da agogo. Ya wuce 0.03 a wurin zaman boris, a miƙe shi, in ba haka ba wahalar da aka sha kan kesin ta tashi a banza.

Hanyoyin mai

Shafa shuɗi a kewayen kowace kafar mai da ke tsallaka layin haɗi, haɗa ka raba, ka ga ko bakunan sun kalli juna. Wanda ya rufe rabi a buɗe shi da ƙaramin fayil. Ɗora gasket a kan kowane ɓari daban ka duba bai toshe komai ba. Zuba mai da sirinji daga mazaunin famfo ka ga ya fito duk inda ya kamata.

Haɗawar ƙarshe

Goge fuskokin su bushe ƙayau. In babu gasket, shafa gam ɗin kesin irin ThreeBond 1184 ko Yamabond 4 siriri a ɓari ɗaya, ka nisanci kafofin mai da milimita biyu ko uku. Silikon mai kauri shi ne ke kashe injuna, abin da ya matso ciki yakan gutsure ya toshe hanyar mai. Jawo karanshaf cikin boris da abin jawowa, ko ka ɗumama zoben ciki. Kada a doka, kada kuma a rufe kesin da ƙarfin kusoshi. In ya rage tazara ya ƙi rufuwa, wani abu bai zauna ba, galibi cokalin giya ne ko washa da ta zame.

Ɗaure daga na kusa da karanshaf zuwa waje, a gicciye, a zagaye uku. In littafi bai faɗa ba, kusa mai milimita 6 tana ɗaukar Nm 10 zuwa 12 a ma'aunin sifana, mai 8 kuma 22 zuwa 25. Bayan kowane zagaye juya karanshaf da hannu ka bi giyoyi duka. In ya ɗan yi nauyi a ƙarshe, bubbuga kowane bakinsa sau ɗaya da gudumar roba, yakan saki. In bai saki ba, a buɗe.

Inji mai bugu biyu sai an gwada shi da iska, tunda kesin ɗinsa ne ke tura cakuɗen fetur sama. Toshe mashiga da mafita, hura iska ta kai bar 0.4 a agogon iska, kada ta wuce don oyil sil na iya fita, ka jira minti 5. In allura ta sauka, bi layin haɗi da gindin silinda da ruwan sabulu, kumfa zai nuna wurin. Kesin mai shan iska yana rage wa inji fetur har fistin ya kama.

Wajen ɗora inji a firam, in kunnuwan ɗauri na ɓarin biyu ba su zo daidai ba, cike tazarar da washa. Matse firam da kusa yana murɗa kesin ya ɓata layin da aka gyara. Kafin tayarwa cire fulogi ka juya inji har mai ya zagaya. A injin da tankin mansa ke waje, leƙa ka ga mai na dawowa cikin tanki da zarar ya tashi. Bar shi ya yi zafi a hankali, kashe, taɓa kesin a saitin boris na hagu da na dama, wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai a matse yake. Juye man farko bayan kilomita 50 zuwa 100 ka duba shi a rana. Ɗan ƙyalli kaɗan ba komai, amma ɓarɓashin alminiyam ko na tagulla na nufin a sake buɗewa. In ya fito tsaf, sake bin kusoshin kesin da na gindin silinda da sifana inji yana sanyi, ka buga wata 'yar alama iri ɗaya a ƙasan ɓarin biyu, nesa da lambar inji, ka kuma rubuta kaurin washa da gasket ɗin da ka sa don ranar da za a sake buɗe shi.